Alkawari Kafin Kuɗi: Kintacen Shige da Ficen Dukiya a Asusun Jarin Keɓe

  

Maganar da aka nemi in gabatar a gabanku yau ta shafi wani nau'in jari ne wanda, ko da yake sunansa bai cika yawo a bakin mutane ba kamar yadda sunan kasuwar hannun jari yake yawo, dukiyar da ke kwance a cikinsa a duniya ta kai tiriliyoyin daloli, kuma babban rabonta na 'yan fansho ne, da wakafan jami'o'i, da kamfanonin inshora, da asusun ajiyar gwamnatoci. Shi ne asusun jarin keɓe, wato asusun da waɗansu ƙwararru suke kafawa, su tara kuɗin masu dukiya, su sayi kamfanonin da ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa, ko kuwa su sayi wanda ake cinikinsa su fitar da shi daga kasuwar, su riƙe shi shekaru suna gyara al'amuransa, sa'an nan su sayar da shi a raba abin da aka samu. Ba ribar wannan jari na zo in faɗa muku ba, domin masu tallarsa sun ɗauke mini wannan aiki. Tambayar da na zo da ita ta fi wannan ƙanƙanta a ido, amma ita ce take hana ma'aji barci: yaushe kuɗin zai fita daga hannun mai dukiya, yaushe zai komo, kuma nawa ne zai fita ko ya komo a kowace shekara?

Kafin in shiga cikinta ya wajaba in kawar da wata shubuha, domin na san akwai wanda zuciyarsa ba ta natsuwa da duk maganar abin da zai faru shekara goma nan gaba. Kintacen da nake nufi ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Ƙiyasi ne, a auna abin da bai zo ba da ma'aunin abin da ya gabata, a yi tanadi a kansa, alhali kuwa ana sane cewa zai iya saɓawa. Wanda aka ba amanar dukiyar marayu ko ta tsofaffin ma'aikata, idan ya ƙi yin wannan ƙiyasi da sunan tawakkali, to sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi.

Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ba zai ga wannan tsari baƙo ba ƙwarai, gama ya yi kama da abin da malamanmu suke kira ƙirali, wanda waɗansu mazhabobi suke ce wa mudaraba: mutum ɗaya ya kawo dukiya, wani ya kawo ƙwarewa da wahalar juya ta, su raba riba bisa kason da suka yi ittifaƙi a kansa, hasara kuwa ta faɗa kan dukiyar muddin mai juyawa bai yi ta'adi ko sakaci ba. Imamu Malik ya keɓe masa babi guda a cikin Muwaɗɗa, inda ya kawo labarin Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, waɗanda Abu Musal Ash'ari ya ba su kuɗin baitulmali a Basra suka yi fatauci da shi zuwa Madina, har aka ƙare da raba ribar biyu. Akwai kuma wani hukunci a cikin Risalar Ibn Abi Zaidin Ƙairawani wanda nake so ku riƙe shi har ƙarshen wannan zama, shi ne cewa ba a raba ribar ƙirali sai uwar kuɗi ta komo tsaba, an sayar da haja ta zama kuɗi a hannu. Malaman nan sun gane cewa ƙimar da mai juya dukiya ya ɗora wa hajarsa zato ce har ranar da mai saye ya biya.

Sai dai asusun zamani ya saɓa wa ƙirali ta fuskoki da dama. Yana da ajali, galibi shekara goma, da damar ƙarin shekara ɗaya ko biyu. Manajansa yana karɓar ladan aiki kowace shekara, abin da aka saba da shi kashi 2 cikin ɗari, ko an ci riba ko ba a ci ba, sa'an nan ya karɓi kashi 20 cikin ɗari na ribar bayan masu dukiya sun sami uwar kuɗinsu da ƙarin da aka saba yanke shi kan kashi 8 cikin ɗari a shekara. Yawancin irin waɗannan asusu kuma suna cin bashi mai ruwa wajen sayen kamfanoni, wanda wannan mas'ala ce da na bar wa malaman fiƙihu, su ne ma'abotanta. Amma saɓanin da ya haifi laccarmu ta yau shi ne wannan: a ƙirali ana miƙa dukiya ne gaba ɗaya tun ranar ƙulla yarjejeniya, a nan kuwa ranar sa hannu ba a miƙa ko kwabo. Alkawari kawai ake ɗauka. Mai dukiya ya ce na ɗauki alkawarin dala miliyan ɗari, kuɗin ya ci gaba da zama a hannunsa, manaja kuma ya riƙa aiko da takardar kira duk lokacin da ya sami kamfanin da zai saya, cikin shekara biyar ko shida na farko, yana ba da wa'adin da bai cika wuce kwanakin aiki goma ba. Wanda ya kasa amsa kira kuwa, yarjejeniya ta ba manaja ikon ya ci shi tara, ko ya tilasta masa sayar da kasonsa da araha, ko ma ya ƙwace wani babban ɓangare na abin da ya riga ya zuba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, to wannan kaya ne wanda mai shi bai san ranar da za a ce ya ɗauka ba. Haka nan komowar kuɗin, manaja ne kaɗai yake yanke ranar sayar da kamfani, mai dukiya ba shi da ikon cewa a ba ni nawa yau.

Wannan sana'a a Amurka ta girma. A shekarar 1946 Georges Doriot, malami a makarantar kasuwanci ta Harvard, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin zuba jari na ARD a Boston, wanda ya zuba dala 70,000 a kamfanin kwamfuta na Digital Equipment a 1957, jarin da ya ninka kansa ɗaruruwan sau. A 1979 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta fayyace dokar fansho ta yadda masu kula da kuɗin ma'aikata za su iya shiga irin wannan jari, daga nan ne kuɗi ya fara kwarara. A 1985 kuma David Swensen ya karɓi ragamar wakafin Jami'ar Yale, ya riƙe ta har rasuwarsa a 2021, ya karkatar da babban kaso na dukiyar jami'ar zuwa jarin da ba a iya sayarwa nan take, bisa hujjar cewa wakafi ba ya mutuwa, saboda haka yana iya haƙurin da ɗan kasuwa ba zai iya ba. Amma jami'a tana biyan albashi kowane wata, kuma tana ɗaukar nauyin ɗalibai kowace shekara, don haka tilas ta san abin da zai fita da abin da zai shigo. Wannan larura ce ta sa ma'aikata biyu na ofishin wakafin Yale, Dean Takahashi da Seth Alexander, suka tsara wata hanyar lissafi wadda aka buga a mujallar Journal of Portfolio Management a 2002, wadda har yau, bayan fiye da shekara ashirin, ita ce tushen da mafi yawan masu wannan aiki suke ginawa a kai.

Kyawun hanyar yana cikin sauƙinta, domin duk wanda ya iya haɗawa da ninkawa zai iya bin ta a takarda. Tana tambayar mai lissafi abubuwa kaɗan: wane kaso na alkawarin da ya rage ake kira kowace shekara, shekara nawa asusun zai rayu, da wane gwargwado dukiyar da ke hannun manaja take ƙaruwa a shekara, sa'an nan yaya saurin komowar kuɗi yake, shin da wuri yake farawa ko sai can kusa da ƙarshe. Wannan na ƙarshe ana wakiltarsa da lamba ɗaya, wadda idan ta yi girma komowar kuɗi ta jinkirta, idan ta yi ƙanƙanta ta gaggauta. A kowace shekara sai a ɗauki ƙimar dukiyar bara, a ƙara mata haɓakar shekara, a ƙara abin da aka kira, a cire abin da aka mayar, abin da ya rage shi ne ƙimar bana, a kansa kuma za a gina lissafin baɗi.

Bari mu yi misali tare, ina roƙon ku yi haƙuri da lambobi, domin a cikinsu maganar take. Mu ƙaddara wani asusun fansho ya ɗauki alkawarin dala miliyan 100, asusun jarin zai rayu shekara 12, dukiyar tana ƙaruwa da kashi 13 cikin ɗari a shekara, lambar jinkirin kuma biyu da rabi. A shekarar farko aka kira rubu'in alkawari, miliyan 25. A ta biyu aka kira sulusin abin da ya rage, miliyan 25 kuma. Daga ta uku ana kiran rabin abin da ya rage: miliyan 25, sa'an nan 12 da rabi, sa'an nan 6 da kwata, haka har ya ƙare. Komowar kuɗi kuwa a hankali take tasowa: a shekara ta uku kimanin kashi 3 cikin ɗari na dukiyar da ke hannun manaja ake mayarwa, a ta shida kimanin kashi 18, a ta tara kusan rabi, a ta goma sha biyu kuwa duk abin da ya saura. Idan kuka bi wannan lissafi har ƙarshe za ku tarar da abubuwa uku. Ramin da mai dukiya yake shiga, wato jimlar abin da ya fitar bayan an cire abin da ya komo masa, yana kai maƙurar zurfinsa a shekara ta huɗu, kimanin miliyan 79. Ba ya fita daga ramin, ya ga uwar kuɗinsa ta komo cif, sai a shekara ta takwas. Jimlar abin da zai karɓa kuwa a ƙarshe kimanin miliyan 188 ne. Idan aka zana wannan tafiya a takarda, layin yana nutsawa ƙasa tukuna kafin ya hau, shi ya sa masu sana'ar suke kamanta shi da harafin J na boko.

To, ku lura da lambar nan ta 79, domin a cikinta fitinar take. Ma'aji mai basira zai dubi takardar ya ce: na yi alkawarin ɗari, amma babu ranar da abin da ya fita daga hannuna ya wuce saba'in da tara, gama kafin a gama kira komowa ta fara, kuɗin da ya dawo shi zan mayar in amsa kiran gaba. Ashe ke nan da miliyan ɗari a hannu ina iya ɗaukar alkawarin miliyan 125. Wannan tunani ba wauta ba ne, hasali ma kusan duk manyan masu zuba jari suna yin sa, domin wanda yake son kaso goma na dukiyarsa ya kasance a jarin keɓe ba zai taɓa kai wannan kaso ba idan bai ɗauki alkawarin da ya fi shi ba, kuma kuɗin da aka ajiye yana jiran kira ba ya kawo riba mai yawa. Amma mu ƙaddara kasuwa ta tsaya a shekara ta huɗu da ta biyar, manaja bai sayar da komai ba, kira kuwa ya ci gaba da zuwa kamar yadda aka tsara. Ramin da aka zata 79 sai ya zama kusan 92 a kowace ɗari, wanda ya ɗauki alkawarin 125 kuwa sai ya tarar ana binsa kusan miliyan 115, alhali ɗari ce a hannunsa. Giɓin nan na kusan miliyan 15 dole ya cike shi cikin kwana goma, a daidai lokacin da duk abin da zai sayar ya faɗi.

Wannan ba tatsuniya ba ce, ya faru a 2008. Wakafin Jami'ar Harvard, wanda ya kai dala biliyan 36.9 a watan Yunin shekarar, ya yi hasarar kashi 27.3 cikin ɗari a shekarar kuɗin da ta biyo baya, na Yale kuma kashi 24.6. Harvard tana dogara da wakafinta wajen kimanin sulusin kuɗin gudanarwarta, tana kuma ɗauke da alkawuran biliyoyin daloli da ba a riga an kira ba, ga waɗansu kwangilolin kuɗin ruwa da suka juya mata baya suna neman tsaba. A watan Disambar 2008 jami'ar da ta fi kowace jami'a dukiya a duniya sai da ta ci bashin dala biliyan biyu da rabi ta hanyar sayar da takardun lamuni, a 2009 kuma Princeton da Stanford kowacce ta ci bashin biliyan guda. Wata musiba ta biyu kuma ta hau kan ta farko: da hannayen jarin kasuwa suka faɗi warwas, alhali manajojin jarin keɓe ba su rage ƙimar kamfanoninsu da sauri haka ba, sai kason jarin keɓe a cikin jimlar dukiya ya kumbura ya wuce haddin da hukumomin amintattu suka yanka, ba don an ƙara zuba komai ba, sai don sauran dukiyar ta ƙanƙance. Waɗanda suka nemi sayar da kasonsu a kasuwar hannu na biyu a wannan lokaci sun tarar da tayin da ya yi ƙasa ƙwarai da ƙimar da ke rubuce a takarda.

Adalci ya sa in faɗa cewa ba lissafin Takahashi da Alexander ne ya yi ƙarya ba. Lissafin yana ba da hanya ɗaya ce tak, hanyar shekarar da take tsaka-tsaki, kuma abin da ka zuba masa shi yake mayar maka; idan ka ce masa dukiya za ta ƙaru da kashi 13 kowace shekara, ba zai yi maka gardama ba. Aibin yana ga wanda ya ɗauki matsakaici ya mai da shi yaƙini. Malamai biyu, David Robinson da Berk Sensoy, sun bi diddigin shige da ficen kuɗin asusu 837 daga 1984 zuwa 2010, suka buga sakamakon a 2016, kuma abin da suka gano ya cancanci kowane ma'aji ya san shi. Mafi yawan bambancin da ake gani tsakanin asusu da asusu na kowane asusu ne shi kaɗai, saboda haka wanda ya rarraba alkawuransa ga manajoji da yawa, cikin shekaru daban-daban, ya rage wannan haɗari ƙwarai. Amma akwai ragowar da rarrabawa ba ta magance ta, ita ce kira da komowa duka suna bin yanayin kasuwa, suna ƙaruwa a lokacin yalwa suna raguwa a lokacin tsanani, sai dai komowa ta fi kira saurin ƙafewa. Ma'ana, jarin nan yana ba ka kuɗi a lokacin da kuɗi ya yawaita a ko'ina, yana kuma neman kuɗi daga gare ka a lokacin da ya yi wuya.

Mun sake ganin haka daga baya, ba tare da wata girgiza irin ta 2008 ba. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri, har ya kai shi sama da kashi 5 cikin ɗari a watan Yulin 2023. Bashin sayen kamfanoni ya yi tsada, masu saye suka rage tayi, manajoji kuma suka ƙi sayarwa ƙasa da ƙimar da suka rubuta, sai ciniki ya tsaya cik. Kamfanin Bain, wanda yake fitar da rahoto kan wannan sana'a kowace shekara, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2025 cewa akwai kamfanoni kimanin 29,000 a hannun manajoji da ba a sayar ba, ƙimarsu dala tiriliyan 3.6, kuma abin da aka mayar wa masu dukiya a 2024 bai wuce kashi 11 cikin ɗari na ƙimar dukiyar ba, alhali tsakanin 2014 da 2017 yana kai wa kashi 29. Duk wanda ya gina kintacensa a kan shekarun yalwa ya sami ƙasa da rabin abin da ya sa rai, shekara bayan shekara. A 2025 ita kanta Yale ta tabbatar cewa tana duba yiwuwar sayar da wani ɓangare na jarinta na keɓe a kasuwar hannu na biyu.

Akwai kuma waɗansu dabaru da suka yaɗu bayan an tsara lissafin Yale, waɗanda suka gurɓata ruwan da mai kintace yake dubawa, kuma a ganina ba a ba su muhimmancin da ya kamata. Manajoji da yawa yanzu ba sa kiran kuɗi ranar da suka sayi kamfani. Banki suke zuwa su ci bashi, su jinginar da alkawuran masu dukiya, sai bayan watanni su aiko da kira guda babba. Wannan yana ƙawata alƙaluman ribar shekara, domin agogon lissafi ba ya fara bugawa sai ranar da kuɗin mai dukiya ya fita, amma yana ɓoye masa bashin da aka riga aka ci da sunansa, kuma ranar da bankuna suka tsorata suka nemi kuɗinsu, kiran manajoji da yawa zai iya sauka a mako ɗaya. Shi ya sa ƙungiyar masu zuba irin wannan jari, ILPA, ta fitar da shawara a 2017 cewa kada irin wannan bashi ya wuce kwana 180, kuma a riƙa bayyana shi. Haka nan wani manajan yakan ci bashi a kan kamfanonin da ke hannunsa ya raba wa masu dukiya, ko ya sayar da kamfani daga tsohon asusunsa zuwa sabon asusun da shi ne dai yake juya shi. Kuɗi ya shigo hannu, gaskiya ne, amma ba a sami baƙon mai saye da ya tabbatar da ƙimar ba, wani lokaci ma yarjejeniya ta ba manaja damar sake kiran abin da ya raba. A nan ne hukuncin Risala da na ambata yake da amfani ga mai lissafi: ya ware kuɗin da ya zo daga sayarwa ta haƙiƙa daban, wanda ya zo daga bashi daban, kada ya gina fatan baɗi a kan na biyun.

Me ya kamata ma'aji ya yi ke nan? Ra'ayina shi ne kada ya yar da lissafin Yale, domin sauƙinsa ne yake sa hukumar amintattu, waɗanda ba dukkansu ne masana lissafi ba, su iya ganin kowane zato da idonsu su yi tambaya a kansa. Amma kada ya kawo musu takarda ɗaya. Ya kawo ta shekarun tsaka-tsaki, ya kawo kuma ta shekarun tsanani, wadda a cikinta komowa ta tsaya shekara biyu ko uku, rayuwar asusu ta ƙaru, kira ya zo da wuri, sauran dukiyar kuma ta faɗi da sulusi a lokaci guda, sa'an nan a yanke girman alkawari bisa takarda ta biyu. Masu hali suna sa kwamfuta ta jarraba dubban hanyoyi, ta amfani da tarihin asusu da kamfanoni irin su Cambridge Associates da Preqin suke tarawa, wannan kuwa yana da kyau muddin an gina shi yadda munanan abubuwa za su riƙa zuwa tare, kamar yadda suke yi a zahiri. Idan asusu ya tsufa kuma, ya kai shekara bakwai ko takwas, saura kamfani huɗu ko biyar a hannun manaja, to lissafin matsakaici ya daina amfani. Sai a zauna a bi kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, a tambayi manaja wa zai saya, da yaushe, da nawa, a kuma tuna cewa ranar da manaja ya faɗa ta fi yawan zuwa a makare.

Ya rage in juyo gida, domin maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun bayan dokar gyaran fansho ta 2004, kuɗin ma'aikatan Nijeriya yana taruwa a hannun kamfanonin kula da fansho, hukumar PenCom kuma ta halatta musu zuba wani ƙayyadadden kaso a asusun jarin keɓe. Hukumar NSIA, wadda aka kafa da dokar 2011 don juya rarar kuɗin mai, ita ma tana zuba irin wannan jari. Mai lissafi a ƙasarmu yana ɗauke da kaya biyu da takwaransa na Yale bai ɗauka ba. Na farko, hanyar fita ƙunci gare ta: kasuwar hannun jarinmu ba ta cika karɓar sababbin kamfanoni ba, saboda haka galibi sai an jira wani babban kamfani ko wani asusu ya zo ya saya, jiran kuwa yakan yi tsawo, don haka wanda ya kwafo shekara 12 da lambar jinkiri daga takardar Amurka ya ɗora wa kamfanin Legas ko na Kano, ya kwafo tarihin wata kasuwa ne ba tasa ba. Na biyu shi ne canji. A watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a watan Yuni aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta kai kusan naira 1,500. Wanda kuɗinsa naira ne, ya ɗauki alkawari da dala, saura miliyan 10 ba a kira ba, ya kwanta ana binsa naira biliyan 4.6, cikin wata tara ya tashi ana binsa biliyan 15, ba tare da ya sa hannu a wata sabuwar takarda ba. Wanda kuma ya kawo dala daga waje aka sayi kamfanin da cinikinsa naira ne, ko da kamfanin ya ninka ribarsa biyu, abin da zai komo masa da dala ya ragu. Saboda haka takardar kintace a nan ba ta cika ba sai an ƙara mata layi na farashin canji, an kuma rubuta a fili da wane kuɗi za a amsa kira, daga wace ajiya za a ɗebo shi, da kwana nawa ake bukata kafin ajiyar ta zama tsaba, a gwada wannan adadi da kwana goman da manaja yake bayarwa.